Rahoto daga Ingila kan na'urar hangen taurari ta farko

Kawu, bayan gaisuwa mai yawa da fatan an yi girbi lafiya a can ƙasar Gumel, ga bayanin da ka nema game da na'urar hangen taurari da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai take son saya wa makarantarku. Na zaga shagunan da ke sayar da ita a nan Ingila, na kuma zauna da mutanen wata ƙungiyar masu kallon taurari a garin da nake, waɗanda sukan ba sabon shiga aron na'ura ya gwada kafin ya kashe kuɗinsa.

Ra'ayina shi ne kada mu bari lambar da ake bugawa a jikin kwali ta ruɗe mu. Akwai na'urori masu arha, a manyan kantuna nan da kasuwannin intanet da ke kai kaya Kano, waɗanda ake rubuta musu cewa suna girmama abu sau 500 ko 600, alhali bakinsu bai wuce milimita 60 ba. Aikin na'urar shi ne tattara haske, kuma faɗin gilashinta ko madubinta shi ke nuna yawan hasken da za ta tara. Ƙa'idar da masana ke bi wajen sanin iyakar girmamawa mai amfani ita ce a ninka milimitocin faɗin nan sau biyu, don haka mai milimita 60 ba ta da amfani bayan sau 120. Abin da ya haura haka dishi-dishi ne kawai. Ƙafafunta kuma siraran ƙarfe ne masu rawa, yaro yana taɓawa wata ya fice daga ido. Galileo ya ga watanni huɗu masu kewaya duniyar Mushtari (Jupiter) a shekarar 1610 da na'urar da girmamawarta ba ta wuce sau ashirin zuwa talatin ba.

Iri biyu ne suka dace da aljihunmu. Akwai mai gilashi a gaba, wadda bututunta a rufe yake, ƙura ba ta samun hanyar shiga, sai dai tsadarta tana hawa da sauri idan faɗin ya ƙaru. Akwai kuma mai madubi a ƙasan bututu, irin wadda Isaac Newton ya ƙera a 1668, wadda daga baya John Dobson a Amurka ya yaɗa salon ɗora ta a kan akwatin katako mai juyawa. Wannan ta biyun nake ba da shawara a kai. Na riƙe Heritage 130P ta kamfanin Sky-Watcher da hannuna: madubinta milimita 130 ne, bututunta yana naɗewa, ana aza ta a kan tebur ko turmi da aka kife, ana tura ta da yatsa. Tana zuwa da idanu biyu na musanyawa, wato ƙananan gilasan da ake leƙawa ta cikinsu, ɗaya yana girmamawa sau 26, ɗayan sau 65, kuma da na biyun na ga zoben duniyar Zuhal (Saturn) ƙarami amma a fili, da ramukan wata kowanne da inuwarsa. Kuɗinta bai kai fam 250 ba. Ba ta cin batir wajen juyawa, ba ta jiran wutar lantarki, kuma wannan ne ya sa na ƙi masu kwamfuta da ke nemo tauraro da kansu, domin ranar da wayarsu ta tsinke babu mai gyara tsakanin Gumel da Haɗeja.

Ta fuskar hidimar mai saye, nan sun fi mu nesa ba kusa ba. Dokar ƙasar ta ba wanda ya sayi kaya ta intanet kwana 14 ya fasa cinikin, kuma akwai kasuwar na hannu mai kyau, inda za a iya samun wannan na'urar da rangwame. Amma sararin samaniya a wurinku yake. A nan gizagizai sukan rufe sama kwanaki a jere, fitilun birni sun dusashe ƙananan taurari, a watan Yuni kuwa dare ba ya yin duhu sosai. Ku kuna kusa da tsakiyar duniya, a wajen digiri 12 arewa, shi ya sa Mushtari da Zuhal suke hawowa can saman kai inda iska ba ta jirkita su, kuma kuna ganin tauraron Suhail a kudu, wanda ba ya fitowa a Ingila ko kaɗan. Mutanen ƙungiyar nan sun yi ta tambayata yadda Kaza da 'ya'yanta take fitowa a daren ƙauye.

Matsalarku ita ce hazo. Lokacin kallo mafi kyau shi ne ƙarshen damina zuwa kaka, kafin ƙurar hunturu ta yi kauri. A riƙa rufe bakin bututun bayan kowane kallo, a lulluɓe na'urar da zane a ɗaki, kuma kada kowa ya goge madubin da tsumma ko gefen riga, saboda shafin mai ƙyalli da ke kansa na alminiyam ne mai laushi, yashi kaɗan yana karce shi. Jijjigar mota takan gotar da saitin maduban, to amma gyaransa na 'yan kusoshi ne, zan nuna wa malamin kimiyya idan na zo. Zan kuma sa masa manhajar Stellarium a waya, wadda ke nuna abin da ke sama a kowane dare.

Idan kuɗi ya ragu, a ƙara da tabaran hangen nesa mai ido biyu mai lamba 10x50, wato mai girmamawa sau 10 da baki milimita 50, wanda zai taimaka wajen neman jinjirin wata bayan faɗuwar rana. Kawu, ina roƙon a yi wa yara kashedi mai ƙarfi cewa duban rana ta cikin ɗayan waɗannan yana ƙona ido nan take, kuma makantar ba ta warkewa, saboda haka da rana na'urar ta zauna a kulle a ofishinka. Da zarar ƙungiya ta amince zan saya, in taho da ita a jirgi zuwa filin Malam Aminu Kano, maimakon a aiko ta a biya kuɗin dako.