Wiwin matsa da wiwin sinadari: ina bambancin irin?

Ɗan'uwa, ka tambaya a zaurenmu na manoma me ya sa masu zaɓen iri a Amurka suke ware wiwin da ake matsewa a fitar da danƙon da ake kira rosin daga wanda ake tatsar danƙonsa da sinadari, alhali tsiro ɗaya ne. Kafin komai, a nan Nijar noman wiwi da sayar da shi laifi ne, kuma OCRTIS, hukumar yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi, na kama mutane a kai. Wannan aiki ana yin sa ne inda doka ta yarda, kamar jihar Kolorado da ta halatta shi a 2012, da Kanada a 2018.

Danƙon yana cikin wasu ƴan mitsi-mitsin gashi da ke jikin furen macen tsiron, kowanne da siririn wuya da ɗan dunƙulallen kai. A kan wannan kai ne hanyoyin biyu suka rabu.

Sinadari, galibi gas ɗin butan, narkar da danƙon yake yi duk inda ya same shi. Ko kan ƙarami ne, ko ya manne, zai kwaso. Mai wannan hanya yawan danƙo da ƙarfinsa kawai yake nema a iri. Illarta, gas yana kamawa da wuta, kuma in ba a tace sosai ba sauransa na zama a ciki.

Rosin kuwa, wanda ya bazu daga Kaliforniya wajen 2015, zafi da matsi ne kawai. Mafi tsadarsa shi ne wanda ake fara wanke furen a ruwan ƙanƙara, kawunan su ɓalle daga wuya, a tare su da rariya, sannan a matse. Nan mai zaɓen iri yake shan wuya. Yana neman kai babba, mai fata mai ƙwari da ba ta fashewa a ruwa, da wuya mai saurin karyewa. Tsiro zai iya cika da ƙamshi da ƙyalli, a wanke shi a tashi kusan hannu wofi. Irin da ya ba da kashi 4 zuwa 5 cikin 100 na nauyin ɗanyen fure ana ƙirga shi nagari, kuma da haka ire-iren wiwin da ake kira GMO da Papaya suka yi suna.

Mu ƴan Maradi mun san wannan a gyaɗa. Mai ƙuliƙuli da ke matsa da hannu sai ta zaɓi gyaɗa mai sakin mai, masana'antar da ke aiki da sinadarin hekzan kuwa kowace aka kawo za ta tatse.

A ganina rosin ya fi tsabta, amma tsabtar ba ta rage masa haɗari. Sinadarin THC mai bugarwa yakan wuce kashi 60 cikin 100 a rosin, a busasshen fure kuwa yawanci wajen 20 ne. Likitoci sun danganta yawan shan mai ƙarfi irin wannan da taɓin hankali, musamman ga matasan da ƙwaƙwalwarsu ba ta gama ƙosawa ba.