Nosedive: filin jirgin ya kama ni, bikin ya ɓata min rai

Wurin filin jirgin saman nan kaɗai ya isa ya fanshe min datar da na ƙona a kan "Nosedive", kashi na farko a zango na uku na shirin talabijin mai dogon zango Black Mirror, wanda Netflix ta saki a Oktoban 2016. Duniya ce da kowa ke ba kowa maki da wayarsa, daga tauraro ɗaya zuwa biyar, kuma da ka kalli fuskar mutum za ka ga lambarsa. Lacie, wadda Bryce Dallas Howard ta fito a matsayinta, tana kan 4.2. Har gaban madubi take tsayawa tana gwajin dariya. Burinta ta kai 4.5 don a yi mata rangwamen kashi 20 cikin ɗari a wata unguwar masu hannu da shuni mai suna Pelican Cove. Ana cikin haka sai ƙawarta ta ƙuruciya, Naomi, mai 4.8, ta kira ta ta zama babbar ƙawar amarya. Biki cike da manyan lambobi, ai kakarta ta yanke saƙa.

To, ranar tafiya sai abubuwa suka fara kwaɓewa. Ta yi cacar baki da ɗan'uwanta Ryan, ta bangaji wata mata a hanya, direban tasi ma ya rage mata maki. Tana isa kantar ma'aikata a filin jirgi aka ce an soke jirginta. Akwai kujera a wani jirgin, amma sai mai 4.2, ita kuwa ta sauko 4.183. Ɗan wannan giɓin fa! Ma'aikaciyar ba ta ɗaga murya ba, ba ta haɗe rai ba, murmushi kawai take tana cewa na'ura ba za ta bari ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban kanta yana roƙon wanda ya riga ya gama da shi ya san wannan murmushin. Lacie ta daure, ta daure, har ashar ya kuɓuce mata. Mutanen da ke layi suka ɗaga wayoyi suna zabtare mata maki. Jami'in tsaro ya zo cikin fara'a ya cire mata maki ɗaya cur na awa 24, ya ƙara da cewa duk ragin da aka yi mata a tsakanin nan ninki biyu ne. Kuma dole ta washe baki ta karɓa. Wallahi sai da na tsayar da fim ɗin na sha ruwa. Na tuna yadda direbobin motar haya ta manhaja ke cewa "ranka ya daɗe, a taimaka da tauraro biyar", ni kuma ina dannawa ko ban danna ba, ko a jikina.

Susan, direbar babbar motar da ta rage wa Lacie hanya bayan ta rasa jirgi, ita ma ta burge ni. Tana kan 1.4, alhali da can 4.6 ce. Mijinta ya kamu da ciwon daji, yana 4.3, aka ba wani mai 4.4 gurbin maganin, ya rasu. Cherry Jones, wadda ta fito a matsayin Susan, ta faɗi wannan ba kuka ba kururuwa, hannunta na kan sitiyari.

Har nan da an tambaye ni, cewa zan yi ban ga kamarsa ba. Amma daga inda Naomi ta bugo waya ta ce kada ta zo, sai labarin ya koma wasan barkwanci. Faɗawa cikin taɓo, kutsawa wurin biki da riga duk laka, ƙwace makirufo, har da zaro wuƙa. Haba! Matar da muka ga tana auna kowace kalma, a ce dare ɗaya ta koma haka? Jawabin ya yi tsawo, kunyar da ya kamata in ji mata sai ta koma gajiya. Daraktan, Joe Wright, ya iya ɗaukar hoto, launukan nan masu sanyi na kaya da gidaje sun yi kyau, amma ba su ceci wannan ɓangaren ba.

Ƙarshen ma bai kwanta min ba. An kulle ta, an cire mata na'urar idon da ke nuna mata lambar mutane, sai ita da wani fursuna suka hau zagin juna suna jin daɗi. Wai ta samu 'yanci ke nan. A wurina zagi ba shi ne gaskiya ba, mutum zai iya faɗin abin da ke ransa ba tare da ya ci mutuncin kowa ba, kuma Susan ta riga ta nuna hakan. Sannan cikin fiye da awa guda babu wanda ya tambayi wa ke riƙe da tsarin makin, wa ke cin ribarsa.

Ku kalla, amma ba tare da yara ba, don ashar ɗin da ke ƙarshe ya yi yawa.