Butar moka a bakin Gulbin Rima: gwajin dafa gahawa cikin yayyafi

Waɗanda suke yabon butar moka a ƙasashen Turai sukan ce daɗinta ya fi fitowa a ranar da sanyi da ruwan sama suka haɗu. A Sakkwato kuwa hunturu da damina ba sa haɗuwa, saboda haka na jira markar watan Agusta, na saka butar a jaka tare da ƙaramin kurfoti da gawayi da filas na ruwan zafi, muka taka da ƙafa ni da wani abokina daga gadar Kwalkwalawa muka bi gefen fadama.

Butar ƙirar Italiya ce, wadda Alfonso Bialetti ya fito da ita a shekarar 1933, amma tawa ba ta ɗauke da sunan kowane kamfani, a wani shagon kayan girki na saye ta. Da alminiyam aka yi ta, kuma gida uku gare ta: na ƙasa da ake zuba ruwa, mazurarin tsakiya da ake cikawa da garin gahawa, sai na sama inda gahawar take taruwa. Idan ruwa ya ɗauki zafi, tururi ne yake tura shi sama ya ratsa garin. Ba ta buƙatar takardar tacewa ko lantarki, kuma ba ta da nauyi, abin da ya sa ta dace da mai tafiyar ƙafa.

Yayyafin bai dame mu ba, domin mun fake ƙarƙashin wata bishiyar dogonyaro. Wuta ce ta ba mu wahala. Gawayin ya sha laima a hanya, iska kuma tana kaɗa zafin gefe guda, har sai da abokina ya tsuguna ya kare kurfotin da babbar rigarsa. Butar shayi tana jure wannan, ana iya barinta a kan garwashi ana hira, amma moka tana son wuta madaidaiciya wadda ba ta wuce faɗin gindinta ba. Kafin in ankara, garwashi ya lashi mariƙinta na roba, ya bar tabon da har yanzu yana nan.

A karo na biyu na rage garwashin, na zuba ruwan filas iya ƙasan ɗan ƙarfen da yake fitar da tururi idan ya yi yawa, na cika mazurari ba tare da danna garin ba. Ba a daɗe ba gahawa ta fara ɓulɓulowa a hankali, baƙa wuluk mai kauri, kuma da na ji ta soma ƙara na sauke, na tsoma gindin butar a ruwan sanyi. Wanda ya bar ta ta ci gaba da tafasa zai sha ɗaci da ƙauri. Wannan karon ta fito da ƙarfi da ƙamshi, ta yi nisa da gahawar gwangwani da ake kaɗawa a teburin mai shayi.

Wani dattijo da ya fito daga gonar shinkafa ya tsaya yana kallonmu, sannan ya ce, “Malam, wagga buta ai ba ta isar baƙo.” Gaskiya ya faɗa. An rubuta kofi uku a kwalinta, alhali abin da take fitarwa bai kai sulusin ledar fiyawata ba, domin ƙananan kofunan Italiyawa ake nufi. Mun ba baba nasa a marfin filas, muka raba sauran.

Ga mutum ɗaya ko biyu, kuɗinta ba asara ba ne, musamman idan an haɗa ta da ƙaramin murhun gas da abin kare iska. Mai fita da jama'a ya nemi mai kofi shida ko tara. A shago kuma a buɗe ta a duba robar da take tsakanin gidan ƙasa da na sama, domin idan ba ta zauna daidai ba tururi zai tsere ta gefe, gahawa ba za ta hau ba.