Ziyarar Kufaifan Masar da Iyali: Yadda Wani Kamfanin Umra na Maraɗi Ya Yi Mana Hidima

Kamfanonin shirya tafiye-tafiye da ke Maraɗi da aikin Hajji da Umra aka fi sanin su, sai kuma yankan tikiti ga ƴan kasuwa masu zuwa sarin kaya Dubai ko Sin. Ɗaya daga cikinsu ya tallata abin da ya kira ziyarar tarihi ta Masar, inda ya ɗauki alkawarin kai iyali Alƙahira da Luksor su ga dalolin fir'aunoni da kaburburansu da tsofaffin masallatai, kuma iyalinmu muka karɓi tayin a hutun ƴan makaranta na watan Disamba. Ayarin ya haɗa mahaifiyarmu Hajiya, da kawunmu wanda malami ne, da matan gida, da yara manya da ƙanana. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin akwai yabo a abin da zan faɗa kuma akwai koke, amma ra'ayina a kansa shi ne: ya ƙware wajen kai mutum da dawo da shi lafiya, sai dai bai gama fahimtar cewa zagayen kufai da tsofaffi da yara yana da nasa tsari dabam da na Umra ba.

A fannin takardu babu abin da zan ce sai madalla. Su suka karɓi fasfo ɗinmu suka nemo biza a ofishin jakadancin Masar da ke Yamai ba tare da ko mutum ɗaya daga cikinmu ya taka ƙafarsa can ba, kuma tun da wuri suka tuna mana da katin rigakafin shawara, wanda da yawa daga cikin yaran ba su da shi. Shawarar da suka yanke ta mu tashi daga Kano ita ma mai hankali ce, domin daga Maraɗi zuwa Yamai tafiya ce ta fiye da kilomita 600, alhali hanyar Ɗan Isa da Jibiya da Katsina ba ta kai rabin haka ba, kuma daga filin jirgin Malam Aminu Kano ana samun jirgi kai tsaye zuwa Alƙahira. Wakilin kamfanin ya raka mu har bakin iyaka, ya tsaya a kan takardun kowa, abin da ya rage wa Hajiya zaman jira a cikin mota.

Masaukin da suka kama mana a Giza, kusa da Alƙahira inda manyan dalolin suke, mai tsabta ne, yana da na'urar hawa bene da ruwan zafi, kuma ruwan zafin ba ƙaramin abu ba ne, domin sanyin Alƙahira na Disamba yana da danshi irin wanda hunturunmu ba shi da shi. Abinci kuwa na ƙasar ne: wake da ake kira ful da burodin gargajiya da safe, sannan koshari da rana, wato shinkafa da taliya da wani ƙaramin wake mai suna adas a haɗe da miyar tumatir da soyayyar albasa. Yara sun karɓe shi hannu biyu, manya kuwa sai da aka fito da yajin da aka taho da shi daga gida. An yarda matan gida su dama wa Hajiya kunu a ɗakin girkin masaukin, kuma kamfanin ne ya roƙo mana wannan alfarma tun kafin mu iso.

Babban abin da ya sa tafiyar ta yi daraja shi ne mutumin da suka haɗa mu da shi ya riƙa yi mana tafinta, wani ɗalibi ɗan Nijar da ke karatu a Jami'ar Azhar, mai jin Hausa da Larabcin Masar. Jagoran da ke da lasisi Bamasare ne, shi ke bayani, ɗalibin kuma ya mayar da Hausa, ya ƙara da abin da ya san masu sauraronsa za su tambaya. Tun a daren farko Kawu ya nuna rashin natsuwarsa da zancen zuwa kallon gumaka, kuma ɗalibin bai yi masa gardama ba, sai ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai kun fi ni sanin ayoyin da suka yi umarni a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance." Kawu ya yi shiru, daga baya ya ce to a je a duba ɗin. Tun daga nan shi ne ya fi kowa yawan tambaya, har jagoran ya riƙa tsayawa kusa da shi.

A Giza ne aibin tsarin kamfanin ya fara bayyana. Dalar Fir'auna Khufu, wadda aka gina wajen shekara ta 2560 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), tsayinta na asali ya kai mita 146, yau kuma ya rage kimanin mita 138 bayan an kwashe fararen duwatsun da suka lulluɓe ta; wanda ya san hasumiyar masallacin Agadas mai mita 27, to ya ɗora biyar irinta a kan juna. An ƙiyasta duwatsun ginin sun kai miliyan 2.3, kuma jan dutsen da aka yi ɗakin sarki da shi daga Aswan aka kawo shi ta Kogin Nilu, tafiyar kusan kilomita 800. Wuri irin wannan yana son a zo da sassafe a zauna a ƙare masa kallo, amma motar kamfanin ba ta ɗauke mu ba sai da hantsi ya yi, muka tarar da cunkoso, sannan aka ba mu lokaci kaɗan aka ce a koma mota. Ba a kuma sanar da mu cewa shiga cikin dalar yana da tikitinsa dabam ba, ko cewa a manyan wuraren tarihi na Masar yanzu da katin banki ake biyan kuɗin shiga. Mutanenmu na Maraɗi da tsabar kuɗi suka saba tafiya, saboda haka sai da ɗalibin ya yi amfani da katinsa muka biya shi a hannu. Kamfanin da ya san abokan cinikinsa ya kamata ya faɗi wannan tun a ofis.

Waɗanda suka shiga cikin dalar samari ne kawai, kuma daidai ne da aka hana manya, domin hanyar matsattsiya ce, a duƙe ake hawa wani sashe nata, ga zafi da ƙarancin iska, kuma abin da ke ƙarshenta akwatin dutse ne wanda babu kome a cikinsa. Hajiya ta fi jin daɗin Abul Haul, gunkin nan mai kan mutum da gangar jikin zaki, wanda tsawonsa ya kai mita 73 kuma daga dutse guda aka sassaƙa shi a inda yake. Masu raƙuma sun yi ta matsa mana, kuma jagoran ya gargaɗe mu da kada kowa ya hau sai an yanke kuɗin hawa da na sauka gaba ɗaya. Gargaɗin ya yi amfani, ko da yake mutanen da suka tashi suna ganin raƙuma suna shigowa gari da kaya ba su ga dalilin biyan kuɗi don a ɗauke su hoto a kan raƙumi ba.

Ranar da ta fi kowace tsaruwa ita ce ta Fusɗaɗ, tsohon garin da Amru ɗan Asi ya kafa bayan buɗe Masar. Mun yi sallar azahar a masallacinsa, wanda aka fara ginawa wajen shekara ta 642, sannan muka wuce gidan tarihin da aka mayar da gawarwakin sarakuna 22 a watan Afrilun 2021, maza 18 da mata 4. A ɗakin gawarwakin ba a ɗaukar hoto kuma ba a ɗaga murya, kuma an samo wa Hajiya keken turawa ba tare da mun roƙa ba. A gaban gawar Ramsis na Biyu ta juya ta tambayi ɗalibin, "Ɗana, wannan shi ne wanda ya nutse a teku?" Ya amsa mata da cewa, "Hajiya, Alƙur'ani bai faɗi sunansa ba. Aya ta 92 a Suratu Yunus ta ce za a tsirar da jikinsa ya zama aya, amma masu bincike sun saɓa, wasu sun ce wannan ne, wasu sun ce ɗansa Marnabta, ga shi can gaba." Na yaba da wannan amsa ƙwarai, domin abu ne mai sauƙi ya nuna mata gawa ɗaya ya ce ita ce, ta dawo Maraɗi tana ba da labarin da ba shi da tushe.

Abin da ya fi ɓata mini rai a duk tafiyar shi ne shagunan da ake tsayar da mu ba da son ranmu ba. Lokacin da aka hana mu a gindin dala, an kashe ninkinsa a shagon turare da na fafirus, wato takardar Masarawan dā da ake yi da wata ciyawa, a Luksor kuma aka ƙara da masu sassaƙa farin dutse. Ana zaunar da mutane, a kawo shayi, a yi dogon bayani, har kunya ta sa a saya, kuma sanannen abu ne cewa wanda ya kawo baƙi irin waɗannan shaguna yana da kasonsa a cinikin. Matan gida, waɗanda suka san ciniki tun daga babbar kasuwar Maraɗi, sun gane tsadar ne bayan sun ga irin kayan a kasuwar Khan Khalili a kan farashi mai sauƙi. Saboda waɗannan tsaye-tsaye aka soke zuwa Saƙƙara, inda dalar Zosar mai hawa shida take, wadda ta girmi ta Khufu da kimanin shekara ɗari, alhali sunanta na cikin takardar da aka ba mu.

Zuwa Luksor a jirgin ƙasa na kwana muka yi shi, tafiyar kusan awa goma, kuma yara sun ɗauke shi wani ɓangare na yawon. A nan kamfanin ya gyara kuskurensa bayan Kawu ya kira ofishinsu na Maraɗi ya yi magana, domin an fara fitowa da mu bayan sallar asuba. Mun shiga haikalin Karnak rana ba ta yi zafi ba, muka tsaya a zauren nan mai ginshiƙai 134, waɗanda mafi tsayinsu suka kai mita 21, kuma har yau ana ganin ragowar fenti a ƙarƙashin duwatsun rufin. A Kwarin Sarakuna, inda aka gano kaburbura fiye da 60, tikiti ɗaya kabari uku yake ba mutum damar shiga, kuma jagoran ya zaɓa mana waɗanda gangarensu ba shi da tsanani saboda gwiwoyin manya. Kabarin Tutankamun, wanda Baturen Ingila mai binciken kufai Howard Carter ya gano a watan Nuwamban 1922, yana da tikitinsa dabam, kuma ƙarami ne idan aka gwada shi da na maƙwabtansa, tun da dukiyar da ta sa ya yi suna an kwashe ta zuwa gidan tarihi. Iyalin da kuɗinsu ya taƙaita ba su yi asara ba idan suka bar shi.

Da yamma aka kai mu haikalin Luksor, inda masallacin Abul Hajjaj yake zaune a kan ginin fir'aunoni, ana kuma salla a cikinsa har yau, kuma a can muka yi magariba. A bakin ƙofar haikalin doguwar hasumiyar dutse ɗaya ce tsaye a wurin da aka gina biyu, ɗayar tana dandalin Concorde a birnin Paris tun shekarar 1836. Da ɗalibin ya fassara wannan, Kawu ya yi dariya ya ce ashe ba mu kaɗai Faransa ta yi wa ɗauka ba, ko da yake jagoran ya bayyana cewa mai mulkin Masar na lokacin, Muhammad Ali, shi ya ba da ita kyauta.

Game da kuɗi, abin da muka biya a Maraɗi ya ɗauki tikitin jirgi da biza da masauki da mota da wasu tikitocin shiga da abincin safe da na rana, kuma a ganina bai yi tsada ba idan aka duba wahalar da aka ɗauke mana. Sai dai abin da ya biyo baya ba kaɗan ba ne: tikitocin da ba sa cikin lissafi, da abincin dare, da ɗan hasafin da ake sa ran a ba direba da ma'aikatan masauki da masu gadin kaburbura, wanda a Masar ake kira bakshish. Kuɗin shiga na baƙo ya ninka na ɗan ƙasa sau da yawa, amma ɗalibai masu katin shaida suna biyan rabi, ƙananan yara ƴan ƙasa da shekara shida kuma ba sa biya, saboda haka yana da kyau a taho da katin makarantar kowane yaro.

Zan iya ba wani iyali shawarar su bi wannan kamfani, amma da sharaɗin a rubuta abubuwa a takarda kafin a biya ko dala ɗaya: sunan kowane wuri da za a je da lokacin tashi daga masauki, da tikitocin da ke cikin kuɗin da waɗanda ba sa ciki, da cewa ba za a tsaya a shago ba sai iyalin sun nema, da kuma tabbacin za a ba su tafinta mai jin Hausa, domin ba kowane ayari ake haɗawa da shi ba. Bayan mun dawo na je ofishinsu da takardar shirin tafiyar na nuna musu sunan Saƙƙara, kuma ba su yi musu ba, sun mayar mana da kuɗin shiga wurin, amma sun ce na mota da na jagora sun riga sun biya abokan hulɗarsu na Alƙahira.