Office 2024 ko Microsoft 365: saye ko haya?

Office 2024 saye ne. Ka biya sau ɗaya, ka ɗora Word da Excel a kwamfuta guda, shi ke nan. Microsoft zai riƙa aiko masa gyaran tsaro har 2029, amma kada ka sa ran wani sabon abu. Mai shagon buga takardu, ni dai wannan zan ce ya ɗauka.

Microsoft 365 kuwa hayar su Word da Excel ɗin ce, wata-wata ko shekara-shekara. Akwai rumbun ajiya na intanet, wato OneDrive, mai terabait 1, tsarin iyali kuma yana ɗaukar mutum 6, kowa da nasa rumbun. Sai dai fa ranar da haya ta ƙare, takardunka suna nan, ka buɗe, ka karanta, ka buga, amma a Word ɗin kwamfutarka ko waƙafi ba ka isa ka ƙara ba.