Sharhi Kan Shirin Ayurveda na Farkon Sanyi da Na Bi a Delhi

A ƙarshen watan Nuwamba na yi rajista a wata ƙaramar cibiyar Ayurveda da ke kudancin Delhi, birnin da nake karatu, domin in bi shirin da suke gudanarwa a farkon lokacin sanyi. Ayurveda ita ce hanyar maganin gargajiya ta Indiya, kuma gwamnatin ƙasar ta ɗauke ta da muhimmanci har ta kafa ma'aikatar AYUSH a 2014 domin kula da ita tare da yoga, wato atisayen miƙe jiki da numfashi na Indiya. Abin da ya kai ni shi ne kaushi da faso da sanƙarewar baya, domin sanyin Delhi yakan sauka ƙasa da digiri 10 da dare, ga shi yawancin ɗakunan haya ba su da abin ɗumama ɗaki.

Likitar da ta duba ni ta saurari bugun jijiyar hannuna, ta kalli harshena, ta yi mini tambayoyi kan barci da bayan gida, sannan ta bayyana mini tushen shirin. A lissafinsu shekara tana da yanayi shida, kuma wanda ake kira Hemanta yana kamawa daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu. Tsohon littafinsu, Charaka Samhita, ya ce a wannan lokaci sanyi yakan tsare zafin jiki a ciki, sai wutar narkar da abinci ta yi ƙarfi, idan kuwa ba ta sami abinci mai nauyi ba sai ta juya kan jikin kansa, iskar da suke kira vata ta tashi, fata ta bushe, gaɓoɓi su yi tauri. Ban ɗauki wannan bayani a matsayin abin da kimiyyar zamani ta tabbatar ba, amma shawarwarin da aka gina a kansa ba su saɓa wa hankali ba.

Sashen da ya fi yi mini amfani shi ne tausa da man riɗi mai ɗumi, wadda suke kira abhyanga. An koya mini in ɗora kwalbar man a cikin ruwan zafi, in shafa daga kai zuwa tafin ƙafa, in dage a kan gwiwoyi da dugadugai, in dakata kaɗan kafin in yi wanka da ruwan ɗumi. Fason ya rufe, ƙaiƙayin ƙwauri ya tafi, barcina kuma ya daidaita. Aibinsa shi ne yakan ɓata tawul da ƙamshin da ba ya fita da sauƙi, kuma banɗaki yakan yi santsi, saboda haka wajibi ne a wanke daɓen nan take.

Abincin ma bai zama mini baƙo ba. An ba ni shawarar cin abinci mai ɗumi da maiƙo: gurasar gero da man shanu, madara da kurkum, shayin citta, dabino, da alewar riɗi da mazarƙwaila wadda ake sayarwa ko'ina a arewacin Indiya a wannan lokaci, kuma ba ta da maraba da kantun da muke ci a gida lokacin hunturu. An hana ni ruwan firji da ɗanyen ganye da dare. Sai dai duk wannan zaƙi da mai ba zai dace da mai ciwon sukari ko mai fama da ƙiba ba, kuma takardar da aka raba mana iri ɗaya ce ga kowa, duk da cewa an ce Ayurveda tana duban kowane mutum da yanayin jikinsa.

A ɓangaren yoga, an ƙara motsi mai ɗumama jiki a maimakon dogon zama. Jerin motsi 12 da ake kira Surya Namaskar asalinsa gaisuwa ce ga rana, kuma da na shaida wa malamin cewa ni Musulmi ne, ba zan yi kirarin da ake haɗawa da shi ko fuskantar rana ba, bai yi gardama ba, ya ba ni wasu motsin miƙe baya da ƙugu waɗanda suka warware mini ciwon. Inda na saɓa da su shi ne atisayen numfashi a fili da sassafe, domin iskar Delhi a wannan lokaci cike take da hazo da hayaƙin motoci da na ƙone karare a gonakin jihohin Punjab da Haryana. Na mayar da nawa cikin ɗaki. Numfashi mai ƙarfi na kapalabhati kuwa ba a so mai hawan jini ko mai juna biyu ya yi shi.

Rauni mafi girma yana wajen magungunan da ake tallata wa mutum a ƙarshen kowace ganawa, waɗanda tsadarsu ta kusa kai ta shirin kansa. Na sayi chyawanprash kaɗai, wani haɗi mai kauri da ake yi da 'ya'yan itacen amla da zuma da man shanu. Na ƙi karɓar nau'in arishta da asava domin jiƙo ne da ake bari ya tsima har barasa ta samu a cikinsa. Akwai kuma magungunan da ake haɗawa da fitsarin saniya, da waɗanda gwaje-gwaje a Amurka suka gano dalma da zaiba a cikinsu, don haka karanta abin da aka rubuta a jikin kwalba ba abin wasa ba ne.

Ga ɗalibin da zai yi sanyinsa na farko a arewacin Indiya, ganawa ɗaya ko biyu ta isa ya koyi tausar da motsin bayan, sauran kuma ya ci gaba da kansa a ɗaki. Ni ban sabunta rajistata ba, amma ina nan ina shafa man riɗi har sanyin Janairu ya wuce.