Masu kula da marayu a gidan dangi

Shekara biyu ke nan ina biyan jikka goma duk wata ta hannun wata ƙungiya nan Maradi. Su ba su tara marayu gida guda, yaron na wurin gwaggonshi a Bagalam, can yake kwana yake cin tuwo da ƴan uwanshi, abin da ya burge ni ke nan wallahi. Kuɗin na tahiya ga kaye da bik na lakwal da magani in bai da lahiya. Ran Alhamis na je na iske shi yana wanke allo, gwaggon sai "Alhaji Allah shi saka" take. Amma hwa wajen resi akwai jinkiri, wata ukku ina kira kahin su turo, wannan kam su gyara.